BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: TSARA LOKACIN KARATU DON BABBAR JARRABAWA

Abin da nake so in yi bayani a kansa shi ne yadda ɗalibin ajin ƙarshe na sakandare zai tsara lokacinsa kafin jarrabawar fita. Na zaɓi wannan magana ne domin a kowace shekara akan sami yara masu ƙwaƙwalwa da suka faɗi, ba don ba su yi karatu ba, sai don sun yi shi ba bisa tsari ba.

Da farko ya kamata mu san abin da ke gabanmu. Jarrabawa uku ce ke jiran ɗan ajin ƙarshe, ɗaya na bin ɗaya. Ta fari ita ce ta shiga jami'a, wadda hukumar JAMB da aka kafa a 1978 take shiryawa. A 'yan shekarun nan cikin watan Afrilu ake yin ta, kuma tun 2015 da kwamfuta ake amsa ta. Ta biyu ita ce ta hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, ana yin ta a Mayu da Yuni. Ta uku ita ce ta hukumar NECO, wadda aka kafa a 1999, ana yin ta a Yuni da Yuli. Wato ke nan cikin wata huɗu kacal ake auna wahalar shekara shida. Duk wanda yake son Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ko Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ko wadda ke Aliero, to lalle ne ya sami kiredit biyar, kuma dole Turanci ya kasance a ciki, ga ɗan kimiyya kuma har da Lissafi.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne tushen tsarin duka. Mu mutanen ƙasar Bagudo muna da hanya mai sauƙi ta gane muhimmancinsa, saboda muna bakin iyaka da Jamhuriyar Benin, wadda wasu tsofaffinmu har yau suke kira Dahome ko da yake an sake mata suna tun 1975. Daga Lolo zuwa cikin ƙasarsu ba wata tafiya ba ce, kuma da yawanmu muna da dangi a can. Ina da ɗan kawu da yake karatu a Malanville da harshen Faransanci. Jarrabawarsu ta fita sakandare, wadda suke kira BAK, a watan Yuni suke yin ta. Kowane darasi yana da nauyinsa, sai a haɗa makin duka a fitar da matsakaici, abin da ake nema kuwa shi ne 10 cikin 20. Saboda haka idan yaro ya yi rauni a wani darasi, ƙarfinsa a wani yana iya ɗaukarsa. Mu namu ba haka yake ba. Kowane darasi da ƙafarsa yake tsayawa. Ko ka ci A1 a darussa shida, in kai ɗan kimiyya ne ka kasa kaiwa C6 a Lissafi, to ƙofar jami'a ta rufe sai baɗi. Don haka tsarin da ya dace da mu shi ne wanda ya fi ba darasin dole da ke ba ka wuya lokaci, ba wanda ka fi jin daɗinsa ba.

Mataki na farko shi ne lissafin kwanaki, kuma daga baya ake faro shi. Manomin shinkafa a fadamun Kwara ba ya zuba iri da ka. Sai ya fara tuna lokacin da ruwa zai cika da lokacin da zai janye, sa'an nan ya san ranar da zai yi dashe. Haka ɗalibi zai yi. Daga tsakiyar Satumba, lokacin da muke komowa zangon farko, zuwa tsakiyar Afrilu, mako talatin ne ko kusa da haka. Amma ba duka ne naka ba. Cire makonnin jarrabawar zango da ta gwaji, cire kwanakin tafiya gida da komowa, cire bukukuwan Salla, ka kuma bar wani abu saboda zazzaɓi, don ba ya sallama in zai zo. Za ka ga abin da ya rage bai fi mako ashirin da 'yan kai ba. Sai ka ɗauki manhajar kowane darasi, ka ƙidaya batutuwan da ke cikinta, ka raba su a kan waɗannan makonni. Mako huɗu na ƙarshe kuwa kada ka sa musu sabon abu, na bita ne kawai.

Mataki na biyu shi ne duba yini guda. Mu 'yan makarantar kwana ƙararrawa ce take mulkinmu, lokacin da yake hannunmu kaɗan ne. Ga yadda na raba nawa. Ina da awa ɗaya bayan sallar asuba kafin a fita shara, da awa biyu na firef ɗin dare. Awa uku sau kwana shida, awa 18 ke nan a mako. Na ba Lissafi awa 4, Turanci 3, Kemistiri 3, Fizik 3, Bayoloji 2, sauran awa 3 na raba wa Hausa da Addini da sauran darussa. Lissafi da asuba nake yin sa, domin da sanyin safiya ake kama fara. Ranar Juma'a da dare ba na buɗe sabon shafi. Wannan rabo nawa ne, ba wajibi ne ya yi wa kowa daidai ba. Wanda Turanci ne ciwonsa sai ya juya lissafin. Abin lura kawai shi ne, kada ka rubuta wa kanka awa takwas a rana. Jadawalin da aka ƙawata da jan biro aka manna a jikin akwati, amma mai shi ba zai iya binsa ko na mako ɗaya ba, ado ne kurum.

Mataki na uku, wanda a ganina ya fi sauran muhimmanci, shi ne bita. Wani masani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya yi gwaji a kan kansa, ya buga sakamakon a 1885. Ya riƙa haddace gaɓoɓin da ba su da ma'ana yana auna abin da ya rage masa a ka. Ya gano cewa mafi yawan mantuwa tana aukuwa ne a rana ta farko, kuma maimaici da aka rarraba cikin kwanaki ya fi zama a ka bisa ga wanda aka dunƙule a zama ɗaya. To, malamanmu na makarantar allo sun daɗe da sanin wannan. Almajiri ba ya wanke allonsa sai ya kawo hadda, kuma bayan ya wanke ba ya barin tishi. Gardin da ya bar tilawa, komai ƙarfin haddarsa, sai ta zube. Ban ga dalilin da zai sa mu bar wannan hikima a zaure idan muka shigo ajin boko ba. Abin da ka karanta yau, waiwaye shi gobe na minti goma, ka sake bayan mako, ka sake bayan wata. Kuma bita ba ita ce kallon littafi ba. Rufe shi za ka yi, ka rubuta abin da ka tuna, ko ka biya wa abokinka kamar yadda ake biya wa malam, sa'an nan ka buɗe ka ga inda ka yi tuntuɓe.

A cikin bitar nan a sa amsa tambayoyin shekarun baya, da agogo a gaba. A jarrabawar JAMB tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku. In ka raba, daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Wanda bai saba da wannan sauri ba, ko bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar, zai bar tambayoyin da ya sani ba tare da ya ko gan su ba. Don haka a nemi ɗakin kwamfuta tun zangon farko.

Sai kuma yanayin ƙasarmu. A watan Afrilu zafi a jihar Kebbi yakan wuce digiri 40, karatun rana ba ya shiga. Azumi kuma a kowace shekara yana matsowa da kimanin kwana 11. A 2025 ya kama daga farkon Maris, wato yanzu yana faɗowa ne daidai lokacin da ake tsakiyar shiri. Mai hankali sai ya gama batutuwa masu nauyi tun cikin sanyin hunturu, a azumi ya mai da karatunsa bayan sahur. Barci kuma kada a yi masa rowa. Wanda ya kwana yana shan shayi da goro don ya cinye littafi a dare ɗaya, da safe zai shiga ɗakin jarrabawa da jan ido da kai fanko.

A nan ina da roƙo ga iyayenmu. Hutun Disamba yana zuwa ne lokacin da aikin shinkafa ya yi yawa, ga kasuwannin bakin iyaka suna ci. Mun san haƙƙinku a kanmu, mun kuma san da gumin nan kuke biyan kuɗin rajista. Ba mu ce a ɗauke mana aiki ba. Abin da muke roƙo shi ne awa biyu a rana, waɗanda aka san na karatu ne, ba aike, ba ɗaukar kaya a babur. Wannan roƙo ya fi ƙarfi a kan 'yan'uwanmu mata, waɗanda daga ɗebo ruwa sai girki sai raino, har dare ya yi ba su buɗe jaka ba. Takarda ɗaya za a ba mu da su, lokaci ɗaya kuma za a karɓa. Kuɗin da kuka kashe ba zai yi amfani ba in an hana yarinya lokacin da za ta shirya.

A ƙarshe, 'yan'uwa, idan wata rana jadawalinka ya karye, kada ka yage shi. Kowace Asabar ka zauna ka duba abin da ka cika da abin da ya tsere maka, ka gyara na mako mai zuwa. Sannu ba ta hana zuwa. 'Yan aji biyar kuma kada su ce wannan magana ba tasu ba ce, domin watan Satumba ba shi da nisa.



Daga wani ɗalibin ajin ƙarshe, sashen kimiyya