Ko Kun Sani? Geron da Muke Ci, Ado Ne a Amurka

Ko kun san cewa geron da manoman Madarumfa ke dakawa a yi fura, a Amurka har shuka shi ake yi don ƙawata ƙofar gida? Masana a Jami'ar Nebraska sun fitar da wani iri mai jan ganye da jan zangarniya, sunansa Purple Majesty, har ya ci lambar zinariya a gasar tsirran lambu ta ƙasar a 2003.

Kyasuwar da ke cika gefen gonaki bayan damina ma 'yar'uwar gero ce, kuma danginta ne ake sayarwa a tukwane a Turai saboda lallausan furensu. Gamba kuwa, da ake saƙa zana da ita, kan kai mita 2 zuwa 3. Idan aka jera ta a gindin katanga, tana tare iska, 'yan tsaki kuma su sami mafaka idan shirwa ta kawo farmaki.

Ga mai kiwo da ke son shuka su a gida, waɗannan ciyayi ba su da guba ga kaji da zabi. Haɗarin yana wajen yanka: dogon ganyen da aka zubar a ƙasa, kaza kan haɗiye shi ɗungurungum ya cushe mata jakar abinci da ke wuya. A yayyanka shi gajeru. A kuma hana kaji zuwa inda aka yi feshin magani, a rage kututturen da ya yi duhu saboda macizai.

Abin tsoro na gaske shi ne zurma da zaƙami. 'Ya'yansu na iya kashe kaza, don haka a tumɓuke su daga tsakar gida.