HAYAƘIN WASAN BABUR: GARGAƊI GA MASU GIDA

Ya ɗan'uwa maigida, darasinmu na yau a kan wata cuta ce da muke kawo wa kanmu da sunan murna.

Duk wanda yake Gaya ko Ajingi ya san yadda ake yi ranar ɗaurin aure, ko rakiyar amarya, ko yawon Sallah. Samari su jeru da babura, wani ya cire salansa, su dinga murza wuta suna zagaye wuri ɗaya har hayaƙi da ƙura su turnuƙe layi. Su wa ke tsaye a gefe suna kallo? 'Ya'yanka ƙanana, da mata masu goyo, da tsofaffin da ke zaune a ƙofar gida. Tun da gwamnatin Kano ta hana acaɓa a cikin birni a watan Janairun 2013, babura suka ƙaru a garuruwa irin namu. Mai neman abinci da babur yana da uzuri. Mai wasa fa?

ABIN DA KE CIKIN HAYAƘIN

Tsohon babur mai ƙona baƙin mai tare da fetur, shi ne mai fitar da shuɗin hayaƙin nan. A cikinsa akwai ɓurɓushi ƙanana da ido ba ya gani, suna wuce hanci su sauka can cikin huhu, wasu har su shiga jini. Akwai kuma iskar guba da likitoci ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau sama da 200. Alamarta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska tana kashe mutum kusan miliyan 7 duk shekara. Da hunturu abin ya fi muni, don hazo ya riga ya wahalar da ƙirji. Yaro kuwa ya fi babba saurin numfashi, ga shi gajere, hancinsa daidai da bakin salansa.

HUKUNCIN SHARI'A

Ƙa'ida ce sananniya wajen malaman fiƙihu cewa ba a cutar da kai, ba a cutar da wani. Kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne. To ina ga wanda ya cika hanyar da guba, ya ƙona fetur a banza? Ga cutar da maƙwabci, ga almubazzaranci.

ABIN DA ZA KA YI

1. Idan bikin gidanka ne, ka gaya wa ango da abokansa tun kafin ranar: ban da wasan babur.
2. Kada a tayar da babur a bar shi yana aiki a zaure ko soro. Haka ma janareta, a kai shi fili, nesa da taga.
3. Mai asma, da mai ciki, da jariri, a janye su daga wurin.
4. Mai babur ya mayar da salansa, ya kai wa bakanike ya gyara.

MAGANI

Ga kaushin maƙogwaro da tari mai sauƙi: a dafa citta da kanumfari, idan ya huce a zuba zuma cokali ɗaya a sha safe da yamma. Amma ba a ba jaririn da bai kai shekara ɗaya ba zuma. Maganar da ake yi wai madara tana wanke hayaƙi daga ƙirji, ba haka ba ne: madara ciki take zuwa, hayaƙi kuwa huhu.

Wanda ya suma, ko numfashinsa ke sarƙewa, a fitar da shi iska nan take, a garzaya da shi asibiti. Kada a tsaya jiƙa magani. Haka tarin da ya wuce sati biyu, a je a yi gwaji.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. A tura wa sauran 'yan'uwa, musamman masu biki a gaba. Wassalamu alaikum.