Yadda Mutanen Zeewolde Suka Hana A Gina Musu Gona

Manoma, wannan mako za mu leƙa ƙasar Holan, mu ga wata gardama da aka yi a kan gona.

Akwai wani gari can ana ce da shi Zeewolde. Inda garin nan yake a da ruwa ne. Mutanen Holan suka yi masa shinge, suka sa injuna suna zuƙe ruwan, har ƙasa ta bayyana cikin 1968. Laka ce mai ƙarfi, shimfiɗaɗɗiya, babu tudu babu dutse. Alkama da dankalin Turawa da albasa suna yi ƙwarai a yankin. Wanda duk ya taɓa noman fadama ya san darajar irin wannan wuri.

To, sai kamfanin Meta, mai Facebook, ya nemi hekta 166 a gefen garin, watau eka 400 da 'yan kai, don ya gina rumbun bayanai. Abin da ake nufi da shi, manya-manyan ɗakuna ne cike da kwamfutoci, inda ake ajiye hotuna da saƙonnin da mutane ke aikawa ta waya. Dare da rana suke aiki, suna shan wutar lantarki mai yawan gaske, ga zafi, sai ana sanyaya su.

A Holan ba a gini a gona sai majalisar gari ta sake wa filin matsayi. Cikin Disamba 1 ga 2021 ba a kai ga haka ba, amma kafin watan ya ƙare majalisa ta yarda, mutum 11 suka goyi baya, 8 suka ƙi. Masu so suka ce gari zai sami kuɗi da aiki. Masu ƙi suka ce gona za ta tafi, wutar da ake samu daga injunan iska kuma baƙo zai shanye. Ni dai a ganina maganar gonar ta fi nauyi, gama ƙasar da aka zuba wa siminti ba ta komowa garma.

Da aka yi zaɓe cikin Maris 2022, jam'iyyar garin da ta ƙi ginin ta yi rinjaye. Meta ta dakata, cikin Yuli kuwa ta janye ɗungum.

Gwamnatin ƙasa ma ta sa baki. Cikin Fabrairu 2022 ta tsai da ba da izinin manyan rumbunan nan har wata tara, watau waɗanda suka wuce hekta 10 da megawat 70. Daga baya ta keɓe musu wuri biyu kaɗai: Eemshaven, wata tashar jiragen ruwa a can arewa, da kusa da Middenmeer, inda Microsoft da Google suka riga suka gina nasu. Middenmeer ɗin nan kuwa ita ma ƙasar noma ce da aka ƙwato daga teku cikin 1930, manoman wurin ma sun yi ta gunaguni.