In an ajiye mota, da me za a yi tafiya?

Yara, kun san mota ba ta cin hatsi, ba ta cin ciyawa. Abincinta man fetur ne, wanda muke kira isansi. In babu shi, mota sai ta zama rumfar awaki a ƙofar gida.

Mu mutanen Damagaram muna da matatar mai kusa da mu. Sunanta SORAZ, tana kan hanyar Tanut, wajen kilomita 50 daga birni. An buɗe ta a shekarar 2011. Daga Agadem ake turo mata ɗanyen mai ta cikin bututu, kuma an gina ta don tace ganga 20.000 a rana. Amma shekaru da yawa, rabin abin hawa na gari ba man matatar yake sha ba. Man Nijeriya ne da ake saidawa cikin kwalabe bakin hanya, don ya fi araha. A watan Mayu na 2023 gwamnatin Nijeriya ta janye tallafin mai, kuɗinsa ya ninka kusan sau uku a can. Masu kwalabe suka ragu, kowa ya koma gidan mai, man matatar kuwa bai isa kowa ba. A watan Maris na 2025 an ga dogayen layuka a gidajen mai na garuruwan Nijar.

To, mu yi lissafi. A 2024 gwamnati ta maido da lita guda tamma 499, wato dala ɗari ba tamma ɗaya. Mu ce motar gidanku tana shan lita 10 a kilomita 100, kuma baba yana yin kilomita 20 kullum: kai ku makaranta, zuwa aiki, biyawa kasuwar Dole. Lita 2 ke nan, wajen jikka guda a rana, jikka 30 a wata. Ba mu sa kuɗin taya ba, ba mu sa na makaniki da na takardu ba. Ga wani abu kuma: gajeriyar tafiya ta fi shan mai, don injin bai gama ɗumi ba an kashe shi.

Shi ya sa wani maigida yakan ajiye motarsa, ko ya saida ta. Daga Birni zuwa Zango ƙafa ta isa. Kakanninmu da ƙafa da raƙumi suke zuwa Kano fatauci. Keke kuwa, sai iska cikin taya da ɗan mai a sarƙa. Wanda ya saba yana iya kaiwa Mirya, kilomita 18, cikin awa ɗaya da 'yan mintoci. In da sauri, ga kabu-kabu. In da kaya ko tsohuwa, ga adaidaita ko amalanken jaki. Doguwar tafiya kamar Yamai, kusan kilomita 900, sai a shiga kar a tasha, mutum sittin ko fiye su raba kuɗin man mota guda.

Amma kada ku ce abin babu wuya. Cikin rairayi keke ba ya gudu, sai an sauka an tura. A watan Afrilu zafi yakan wuce digiri 40, tafiyar ƙafa da azahar kuwa azaba ce. Babbar damuwa ita ce dare: in naƙuda ta kama mace, ko ciwon yaro ya tashi, ana bukatar mota nan take. Don haka maigidan da zai rabu da tasa yakan fara shirya magana da maƙwabci mai mota, ya kuma ajiye lambar wayar wani direba da ya yarda da shi.