Wayarka Ta Cika? Dakata Kafin Ka Kai Ta Filashin

A Rimin Gado, kan hanyar Kano zuwa Gwarzo, da wuya ka jima a rumfar mai caji ba ka ga wani ya miƙo waya yana cewa, "Don Allah duba min, wai babu waje." Yawanci Itel ce ko Tecno, mai ita yana son sauke manhajar banki irin su OPay ko Moniepoint, waɗanda jama'a suka runguma tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, ita kuwa wayar ta kafe.

Waɗannan wayoyi Android ne a cikinsu, shi kuma a kan Linux aka gina shi, tsarin da Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. A irin wannan gini, ma'ajiyar waya rarrabe take: an keɓe wa tsarin nasa ɓangare an kulle. Shi ya sa wayar da aka rubuta wa gigabait 32 a kwali ba ta taɓa ba ka 32 cif, kuma da yawa daga manhajojin da ta zo da su ba sa goguwa, sai dai a dakatar da su.

To me ya sa take ƙin karɓar manhaja mai megabait 80 alhali tana nuna saura 200? Saboda manhaja a ƙunshe take saukowa. Sai wayar ta ajiye ƙunshin, ta kwance shi, ta shirya shi daidai da injinta, kuma dole ta rage wa kanta wurin motsi. Ai filin sussuka ya fi inda buhun geron zai zauna faɗi.

Babban mai cin wurin kuwa ba manhajoji ba ne, bidiyo ne. Fina-finai masu dogon zango da aka karɓo wajen masu turi, tafsirin azumin bara, da uwa uba abin da WhatsApp ke saukewa da kansa daga zaurukan 'yan uwa da na siyasa. Bidiyon biki ɗaya sai ya shigo ta zaure uku. Tun 2020 WhatsApp ya sa wani sashe a saitinsa da ke jero duk abin da ya haura megabait 5 da wanda aka yi ta turawa; nan ya kamata a fara shara, sannan a kashe saukewar kai tsaye. A tuna kuma, a wayoyi da dama abin da aka goge yana zama a kwandon shara har kwana 30, wurin bai dawo ba sai an zazzage kwandon.

Inda ake yin asara shi ne maɓallai biyu da ke maƙwabtaka a saitin kowace manhaja. "Clear cache" tarkacen wucin gadi yake sharewa, ba shi da illa. "Clear data" kuwa yana mayar da manhajar kamar yau aka sauke ta. Wanda ya manta lambar sirrinsa, ko layinsa ya ɓata, ya shiga uku.

Manhajojin da ke tallar za su wanke waya, a ganina, yawancinsu ƙarin kaya ne da talla. Manhajar Files ta Google ta wadatar. A sayi memori mai kyau a kwashe fina-finai can, amma a gwada shi tun a shago, don akwai jabu da ke nuna girman da ba shi da shi.

Filashin kuwa, wato goge wayar gaba ɗaya, yana tafiya da hotuna da lambobin da ba a adana a wani wuri ba. Kada ka yarda da shi sai ka gwada duk waɗannan sun gaza.