Na gwada sabon wasan intanet daga Birnin Kebbi kafin ya fito kasuwa: Ga abin da na gani

Ƙarfe ɗaya na dare ya gota, unguwarmu a Birnin Kebbi ta yi tsit, babu wuta. Ina zaune a tsakar gida da waya a hannu ina jiran wani wasa ya gama sauka. Saura ƙiris ya kammala sai data ta ƙare.

Haka na fara kwana goma da na yi ina gwada wani sabon wasan intanet da bai fito kasuwa ba tukuna. Ba zan faɗi sunansa ba, domin kafin a ba ni damar shiga sai da na amince da sharaɗin ba zan bayyana sunan ko in yaɗa hotunansa ba. Kamfanoni da yawa suna gindaya irin wannan sharaɗi.

Mene ne gwajin beta?

Wasan na cikin rukunin da ake kira RPG. A irinsu mutum kan zaɓi gwarzonsa, ko mayaƙi mai takobi, ko maharbi, ko mai tsafi, ya shiga wata duniyar almara mai dodanni da birane masu ganuwa. Yana yaƙi yana samun makamai, matsayinsa na ƙaruwa. Da yake ta intanet ake yi, sauran mutanen da ke yawo a wannan duniya 'yan adam ne irinka daga wasu ƙasashe.

Kafin a saki irin wannan wasa, kamfani kan gayyaci wasu mutane su buga shi domin a gano kurakuransa. Wannan shi ne gwajin beta. Akwai na rufe, wanda sai an zaɓe ka, akwai kuma na buɗe ga kowa.

Manyan wasannin duniya ta nan suka biyo. Genshin Impact na kamfanin miHoYo da ke Shanghai a China ya fara gwajinsa na rufe a watan Yunin 2019, bai fito ba sai 28 ga Satumban 2020. Cikin wata shida da fitowarsa ya tara fiye da dala biliyan 1 daga masu wayoyin hannu kaɗai.

Wato duk wanda ya shiga gwaji aiki yake yi wa kamfani, kuma galibi ba a biyan ko kwabo.

Data, zafi da jinkiri

Abin da ya fara ba ni wuya shi ne nauyin wasan. Gigabait da dama ya ci, kuma kusan kowace safiya akwai sabon gyara da za a sauke. Tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, wannan ba ƙaramin kashe kuɗi ba ne ga ɗalibi ko mai ƙaramar sana'a.

Sai kuma zafi. A watannin Maris da Afrilu zafin Birnin Kebbi kan haura digiri 40. Minti 20 ina wasa bayan azahar, wayar ta yi zafi kamar an sauke ta daga murhu, hoton ya fara sarƙewa, caji na zuba. Dole na koma buga wasan bayan isha'i.

Babbar matsalar ita ce jinkiri. Babbar kwamfutar da ke riƙe da wasan, wadda ake kira saba, tana Turai. Duk lokacin da na danna waya don in kai sara, sai saƙon ya bar Kebbi ya bi ta Legas, ya ratsa wayoyin ƙarƙashin teku, sannan amsa ta dawo. Masu wasa sun fi son wannan tafiya ta kasance ƙasa da milisakan 100. Tawa alamar kusan kullum ja take.

Wata rana muka haɗu mu huɗu za mu kashe wani ƙaton dodo, ni ne mai warkar da waɗanda suka ji rauni. A wayata abokan tafiyata suna tsaye lafiya lau. A can saba kuwa tuni dodon ya gama da biyu. Ban iya harshen da suka rubuto min saƙo da shi ba, amma na gane ba godiya suke yi ba.

Kamun kifi a waya, a bakin Matan Fada

Ranar Asabar na tafi Argungu gaida dangi, tafiyar kusan awa ɗaya. A hanya sabis ya ɗauke sau uku, kowane lokaci wasan sai ya fitar da ni ya mayar da ni farkon aikin da nake yi.

Da yamma na zauna da ƙanena kusa da kogin Matan Fada, na nuna masa wani sashe na wasan inda ake kamun kifi da ƙugiya. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya tambaye ni ina homa, ina gora, kuma wane Sarkin Ruwa ya ba da izinin shiga.

Dariyarsa ta sa ni tunani. Muna zaune a wurin da ake bikin kamun kifi tun 1934, bikin da UNESCO ta sa cikin al'adun duniya da ake tattali a 2016. Cikin gari ga Gidan Tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da aka mayar gidan tarihi a 1958, cike da takubba da masu da tambura da layu. Muhammadu Kanta kansa ya yi wa daular Songhai tawaye a farkon ƙarni na 16, ya gina Surame da ganuwar da har yau ake ganin ragowarta. Duk abin da irin waɗannan wasanni ke ƙirƙirowa, sarki jarumi, birni mai ganuwa, kogi mai asiri, muna da shi a gida.

Wasu 'yan Afirka sun fara. Kamfanin Kiro'o Games na Olivier Madiba a Yawunde ta Kamaru ya fitar da Aurion a 2016. Abubakar Salim, ɗan wasan Birtaniya mai asali da Kenya, ya fitar da Tales of Kenzera: Zau a 2024. Dukansu daga almarar Afirka suka ɗebo.

Kafin ka shiga, ka san wannan

A rana ta goma aka rufe gwajin, aka goge komai. Takobin da na kwana uku ina nema, dokina, matsayina, duk suka tafi. Haka ake yi a mafi yawan gwajin rufe, don haka kada ka zuba kuɗi ko ka raba dare a kai kana zaton za ka tarar da su ranar da wasan ya fito.

Ka kuma kula da 'yan damfara. A WhatsApp da Telegram akwai masu tura manhajar bogi da sunan sabon wasa, wasu har suna sayar da lambar shiga. Ta shafin kamfanin, ko Play Store, ko TestFlight ga masu iPhone ake shiga gwaji na gaskiya. Wasan da ya nemi karanta saƙonninka, ko lambar BVN, ko lambar sirrin da banki ke turowa, ka goge shi nan take.

Idan kuwa ka shiga, ka cika fom ɗin da suke turowa a ƙarshe. Waɗanda suka ƙera wasan ba su san yadda yake a ƙaramar waya, cikin zafin bazara, a kan hanyar Argungu ba, sai an faɗa musu. Idan masu manyan wayoyi a Turai da Asiya kaɗai suka yi magana, su za a gyara wa wasan.

Ni na rubuta musu abu uku: su rage nauyinsa, su kawo saba kusa da Afirka ta Yamma, kuma su bar wanda sabis ya yanke masa ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ƙanena ya ce in ƙara na huɗu, su sa homa da gora. Na sa.