Kulob Ɗin Mutum-Mutumi Ma Yana Bukatar Iri

Manoman rani na madatsar Watari, wadda aka gama a 1980 a ƙasar Bagwai, ba su cinye amfaninsu kaf, sai sun ware iri. To, haka kulob ɗin ƙera mutum-mutumi yake, wato na'urar da kwamfuta ke sarrafawa. Kowace shekara 'yan ajin ƙarshe suna tafiya da gwanintarsu, saboda haka 'yan aji ɗaya su ne irinmu. Kowane babba ya ɗauki ƙarami guda, ya koya masa haɗa waya da batir. A raba aiki kamar gayya. In na'ura ta ƙi tashi, a nemi dalili, kada a nemi mai laifi. Iyaye kuma, don Allah ku bar 'ya'yanku, maza da mata, su shigo. Allah ya taimake mu, amin.